Sharhi: Gombe Tana Ginuwa, Ina Hanyar Gurgu da Makaho?



Duk wanda ya san Gombe kafin 1996, shekarar da ta zama babban birnin jiha, ya san garin ya canja kamanni. An shimfiɗa kwalta a unguwanni, an gina lambatu don ruwan da ya daɗe yana cin ƙasa ya samu hanyar wucewa, benaye sai tashi suke yi daga Tudun Wada har Pantami. Mun gode Allah. Sai dai akwai 'yan garin da wannan ci gaba yake tsallakewa.

A tsaya bakin babban titi a Jekadafari ko hanyar Babbar Kasuwa a kalli mai keken guragu. Tsakaninsa da shagon da yake son shiga akwai lambatu mai zurfi, an gitta masa katako ɗaya ko ɗan siririn kankare, iyakar faɗin ƙafar mai lafiya. Gefen hanya kuwa masu tireda da motocin da aka ajiye sun cinye shi. Dole ya hau tsakiyar kwalta yana murza keke da hannu, 'yan acaɓa da masu Keke Napep suna danna masa oda kamar shi ne mai laifi. Makaho kuma sandarsa ce idonsa, ga lambatu ba murfi, taku ɗaya ya isa ya karya shi. Shi ya sa ba ya fita sai da ɗan jagora, kuma sau da yawa jagoran nan yaro ne da ya kamata a ce yana aji a wannan lokacin.

Idan aka isa banki ko ofis, sai matakala. A kira samari su ɗauki magidanci cak a gaban jama'a. To ina ga matar aure? Da yawa sun gwammace su haƙura su zauna a gida. Kurma a gaban likita ba mai fassara masa da maganar hannu, sai ya zo da ɗan'uwa, sirrin ciwonsa ya zama na dangi.

Ba wai babu doka ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika tun Janairun 2024. Ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta kuma tanadi tarar Naira miliyan ɗaya, ko ɗaurin shekara biyu, ga jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda ba a yi musu hanya a ciki ba.

Nan ne bakin zaren. Gangara a ƙofa ba ta da tsada idan tun a takarda aka zana ta. Sai an gama gini a zo ana fasawa ne take cin kuɗi. Kuma tana da ƙa'ida: kowane tsayin ƙafa ɗaya yana buƙatar gangara mai tsawon ƙafa goma sha biyu, da ƙarfen dafawa. Wadda muke yawan gani, a miƙe tsaye an manna mata tayil mai santsi, ta ganin ido ce, ba gurgun da zai hau ta shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida yana rayuwa da wata naƙasa, ba a ma ƙidaya mai juna biyu da mai jinya da za su amfana ba.

Saboda haka muna kira ga hukumar tsara birane ta jiha: kada a buga hatimi a kan zanen asibiti, makaranta, kasuwa ko tasha sai an ga gangara da banɗakin da keke zai shiga. A gayyaci ƙungiyoyin guragu, makafi da kurame su gwada wurin da kansu kafin a biya ɗan kwangila. Kwamitocin masallatai da coci-coci, ku dubi ƙofofinku kafin Juma'a ko Lahadi mai zuwa. Kai kuma mai shago, ka rufe lambatun ƙofarka da kankare mai faɗin da keken gurgu zai wuce.