Kuɗin Cikin Waya Ma Gado Ne

Mai karatu, idan aka yi rasuwa, magada kan lissafa gida da fili da mota, su manta da wayar mamacin. Dubi masu POS na bakin daffon mai da ke Maje a Suleja: jarin da yawansu yana cikin Moniepoint ko OPay, kuma wani ko uwargidansa ba ta san lambar asusun ba. Alhali kuɗin nan gado ne, da haƙƙin marayu a ciki.

Ka ɗauki biro tun kana da lafiya. Rubuta kowane asusu da lambarsa, da wanda kake bi bashi da mai binka, ka damƙa wa amintacce a gaban shaidu biyu. Lambar sirri kam, riƙe abarka; ba a so wani ɗa ya kwashe kafin rabo. Magada su je da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu.

Sai layin wayar. Ku ci gaba da sa masa kati, domin idan ya daɗe a kashe kamfani kan sayar wa wani, saƙonnin banki su koma hannun baƙo.