KO AKWAI MAI RAI A DUNIYAR DA KE MAKWABTAKA DA RANA?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Lafiyar Barebari ya san abin da ake kira zafi, alhali kuwa da wuya ma'auni ya haura digiri 40. To, akwai wata duniya ta duwatsu, mafi kusa da rana cikin duniyoyi takwas da ke kewaya ta, wadda Larabawa ke kira Uɗarid, Turawa kuma Makuri. Tsakaninta da rana kimanin kilomita miliyan 58 ne, tana gama kewayenta cikin kwana 88. Da rana zafinta yakan kai digiri 430, wanda ya isa ya narkar da dalma. Da dare kuma sanyi ya sauka har digiri 180 ƙasa da sifiri, domin ba ta da iskar da za ta riƙe ɗumi.

Shekaru da yawa masana sun ɗauka cewa neman mai rai a can ɓata lokaci ne. Hotunan da kumbon Amurka mai suna Mariner 10 ya aiko a 1974 ba su nuna kome ba sai ramuka da fako. Amma a 2012 wani kumbon, MESSENGER, ya tabbatar da cewa akwai ƙanƙarar ruwa a cikin ramukan ƙuryar arewacin duniyar, inda hasken rana bai taɓa sauka ba. Sa'an nan a 2023 wasu masana a Amurka suka ba da sanarwar alamun tarin gishiri a wasu ramukanta, suka ce mai yiwuwa ne a ƙarƙashin ƙasa a sami wurin da ƙananan halittu za su iya jurewa.

Wajibi ne mai karatu ya yi hattara a nan. Ba a ga ko ƙwayar halitta ɗaya a Uɗarid ba, kuma ƙanƙara daban, ruwa mai gudana daban. Wanda ya ce an gano masu rai ya yi azarɓaɓi. Wanda kuma ya ce maganar duka shirme ce, shi ma bai yi adalci ba.

Dalili kuwa yana cikin gishirin nan. Kowace uwargida a Agege ko Sabon Ibadan ta san yadda gishiri ke yin danshi da damina ko an rufe shi, domin yana jawo laima daga iska. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile, inda akan shekara da shekaru ba a ga ruwan kirki ba, an sami ƙananan halittu da ido ba ya gani suna zaune cikin dunƙulen gishiri, suna rayuwa da wannan 'yar laima. Wato abin da ke kashe yawancin halittu, shi ne mafakar waɗansu.

Ba sai an je Chile kafin a ga irin wannan wuri ba. A Keana da Awe, cikin Jihar Nasarawa, ba nisa da Lafiya, ruwan gishiri yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, mata kuma tun kaka da kakanni suna tace shi suna dafawa a fitar da gishirin da fatake suka yi ta kaiwa ƙasar Hausa. Masana ƙasa suna danganta shi da tekun da ya taɓa mamaye kwarin Binuwai kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Mene ne ke rayuwa cikin wannan ruwa, kuma da wace dabara? Tambaya ce irin wadda ake yi game da Uɗarid, ga ta a bakin ƙofa.

Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, an kuma buɗe Jami'ar Tarayya a Lafiya a 2011. Ya kamata su haɗa kai a kan rijiyoyin nan. Aikin bai bukaci kumbo ba, sai madubin ganin ƙananan halittu, da kwalabe, da ɗalibai masu haƙuri. Ribarsa kuma ba ta tsaya ga taurari ba, gama sanin ruwan gishirin zai taimaka wajen inganta sana'ar matan da ke ci da ita.

Ga 'yan arewa mazauna kudu kuwa, waɗanda guminsu ke biyan kuɗin makarantar yara a gida, idan yaro ya zo da tambaya game da taurari kada a ce masa ya bar zancen banza. A saya masa littafi, a ƙarfafa shi kan lissafi da kimiyya. In ba haka ba, wata rana baƙi za su zo su ɗebi ruwan Keana a kwalba, su sayar wa jikokin masu rijiyar da abin da suka gano a ciki. Allah ya sa a farga.