Fenti a Saman Ruwa: Darasin Kimiyya da Bai Kamata a Raina Ba

Sanin kowa ne cewa allon madannan kwamfuta, idan ya kwana biyu, kwansonsa na roba yakan koɗe ya koma rawaya-rawaya saboda hasken rana. Mafi yawan mutane sai su jefar da shi. Akwai kuwa wata dabara ta sabunta shi, wato a yi masa ado da fentin da aka ɗiga a saman ruwa. Wasu na kallon abin a matsayin wasan yara, alhali darasin kimiyya ne cikakke, mai araha, wanda ya cancanci shiga ajin makarantun Dutsin-Ma da Kurfi.

Da farko akan kwance kwanson, a ajiye madannai da wayoyi gefe don kada su jiƙe. Sai a wanke shi, a goge shi da samfefa, a shafa masa farin fenti ya bushe. Daga nan a cika baho da ruwa, a ɗiɗɗiga fenti mai mai launi biyu ko uku, a ja shi da tsinke har ya yi zane kamar guguwa. Akan tsoma kwanson a hankali, a karkace, domin kada iska ta maƙale ta bar tabo. Kafin a ɗago shi sai a share ragowar fentin da ke saman ruwa da takarda, in ba haka ba zanen zai ninku ya ɓaci.

Me ya hana fentin nutsewa? Dalili na farko shi ne mai da ruwa ba sa gauraya, kamar yadda kowace mai girki ta sani. Na biyu, ƙwayoyin ruwa suna jan junansu, har saman ruwan ya zama tamkar fata siririya. Wannan fata ce ke ɗaukar ƙwarin da ake gani suna tafiya a kan tafki. Fentin yakan bazu a kanta, ya zama shimfiɗa maras kauri, wadda ke nannaɗe duk abin da ya ratsa ta. Idan ɗigon ya yi nauyi, ko aka sako shi daga nesa, sai ya huda fatar ya nutse. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ba zai manta ba, domin gani ya kori ji.

Dabarar tsohuwa ce. Japanawa sun daɗe suna ƙawata takarda da tawada a saman ruwa, Turkawa kuma suna da tasu mai suna ebru, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya a 2014. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce wajen tsoma abu ya fito da launi. A karofin Ƙofar Mata ta Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, zane yakan fito daga ruwan baba kore-kore, sai iska ta taɓa shi ya rikiɗe shuɗi. Marini ya san aikin, masanin sinadarai ya san dalili, kuma haɗa su biyun shi ne aikin makaranta.

Sai dai akwai hattara. Tina mai ƙarfi tana iya narkar da robar kwanson, tururinta kuma yana cutar da huhu, don haka a fili ake yin aikin. Mafi muni, wasu fentin mai suna ɗauke da dalma. Bala'in Zamfara na 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400, ya isa gargaɗi game da wannan guba. Wajibi ne a nemi fentin da ba shi da dalma, a tsame ragowarsa da takarda, kada kuma a zubar da ruwan kusa da rijiya, ko a magudanar da ke gangarawa rafi ko madatsar ruwa ta Zobe.

Malamin da ke koyarwa a ƙauye kamar Ɗantutture ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya nuna wannan. Baho da tsinke da gwangwanin fenti sun wadatar. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su horar da ɗaliban malanta a kan irin waɗannan gwaje-gwaje, tare da ƙa'idojin kariya. Yaron da ya fahimci abin da ya riƙe fenti a saman ruwa ya sami sana'a, ya kuma koyi tambayar dalilin abubuwa.