Dunduniya a Kan Totur: Abin da Direbobin Hanyar Gwaram Za Su Ɗauka Daga Filin Tsere

Duk wanda ya saba shiga motar haya a hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil, ta ratsa Birnin Kudu, ta nufi Gwaram har iyakar Jihar Bauchi, ya san wata ɗabi'a ta wasu direbobi. Da zarar an doshi gangara sai direba ya zare giya, ya sa motar firi, ta yi ta sulalawa, wai yana tattalin mai. In kwana ta taso masa, ko shanu suka keto titi, sai ya danne birki da ƙarfi, ya cusa giya ta uku, motar ta yi wani fizga, kawunan fasinjoji su gwaru da kujerun gabansu. Masu tseren motoci a Turai da Japan suna da dabarar da ta kawar musu da wannan fizga, wadda suke kira dunduniya da yatsu. Bai kamata direban da ya ɗauko mutane zuwa kasuwar Sara ya kwaikwaye ta ba, amma dalilin da ya haife ta ya kamata kowane direba da kowane ɗalibin kimiyya ya san shi.

Tushen maganar shi ne, inji da tayoyi ba gudu ɗaya suke yi ba. Akwatin giya ne yake daidaita tsakaninsu. Alal misali, a ɗauka mota tana gudun kilomita 60 cikin sa'a a giya ta huɗu, injinta yana juyawa sau 2,000 a minti. In a giya ta uku sai inji ya juya sau 1.4 kafin ya ba da juyin da yake bayarwa sau ɗaya a ta huɗu, to komawa giya ta uku a wannan gudun yana bukatar inji ya kai juyi 2,800. Ga kuma inda matsalar take: lokacin da direba ya taka kuloci ya ɗage ƙafa daga totur, injin raguwa yake yi, yana iya sauka ƙasa da 1,000. Yana sakin kuloci, tayoyi ne za su ja injin da ƙarfin tsiya su kai shi 2,800. Wannan ja shi ne fizgar da fasinja yake ji. Farantin kuloci yana cinyewa, wannan hasarar aljihu ce kawai. Abin tsoro shi ne a mota irin Peugeot 504, wadda a da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna kuma tayoyin baya ne suke tura ta, fizgar tana iya sa bayan motar ya zame a kan kwalta mai ruwa cikin watan Agusta, ko a kan tsakuwar gefen titi.

Maganin kuwa shi ne a ɗan taɓa totur yayin da kuloci yake a danne, inji ya tashi ya tarar da gudun tayoyi, sannan a saki. Sai dai ɗan tsere yana son yin haka ba tare da ya bar birki ba, ga shi kuwa ƙafa biyu gare shi, abin takawa uku. Don haka sai ya bar ƙafar hagu ga kuloci, ya sa yatsun ƙafar dama a kan birki, ya karkato dunduniya ko gefen tafin ƙafar ta bugi totur. Marigayi Ayrton Senna na ƙasar Brazil, wanda ya rasu sakamakon haɗari a filin tsere a 1994, yana cikin waɗanda suka yi suna da iya wannan. A 2009 kamfanin Nissan ya fito da motar 370Z wadda na'urarta take buga totur ɗin da kanta.

Tsofaffin direbobin gingimari ba za su yi mamakin wannan bayani ba. A manyan motocin da akwatin giyarsu ba shi da zoben da ke daidaita haƙora, irin wanda kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa wa motocinsa a 1928, dole direba ya taka kuloci sau biyu, ya ba da wuta a tsakani, in ba haka ba giya ta yi ta gurnani ta ƙi shiga. Da kunne suka koyi lissafin, ba da alli ba. Sauƙin motocin zamani ne ya sa yaran mota na baya suka daina sauraren inji.

Me ya sa ba za a ce kowa ya koyi dabarar 'yan tsere ba? Domin su daƙiƙa suke nema, a fili killatacce, babu akuya babu ɗan acaɓa. Wanda bai ƙware ba, yana karkata dunduniya matsin da ke kan birki zai ragu, ko ƙafar ta zame gaba ɗaya, balle in silifas ne a ƙafarsa. Direban haya ba ya bukatar haɗa ayyukan biyu a lokaci guda. Ya rage gudu da birki tun hanya tana miƙe, ya ɗauke ƙafa, ya taka kuloci, ya ɗan ba da wuta, ya sauko giya ɗaya, ya shiga kwana motar tana riƙe a giya. Abu ɗaya ne da na ɗan tsere, an dai jera shi bi da bi.

Sa mota firi kuwa ba shi da wata hujja mai ƙarfi. Mota mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 80 cikin sa'a tana ɗauke da kuzarin motsi kimanin jul 370,000. Tsayar da ita sau ɗaya yana mai da wannan duka zafi, wanda ya isa ya kai lita guda ta ruwan randa ga tafasa. In an ninka gudun, zafin ninki huɗu yake yi, in an yi mata lodin buhunan gero da riɗi kuma ya ƙaru. Motar da take a giya injinta yana ɗaukar wani kaso na wannan aiki. Wadda take firi ta bar wa birki shi kaɗai. Man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, amma wanda ya daɗe ya tsotsi danshi yana iya tafasa a wajen 140. In ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji abin ya nutse har ƙasa, sai a ce birki ya tsinke.

Hatta tattalin man ma da sauran magana. A tsohuwar mota mai kafireta ana iya rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma yawancin motocin da kwamfuta ke fesa musu mai suna yanke fetur ɗungurungum in an ɗage ƙafa daga totur alhali suna a giya, a firi kuwa dole inji ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Masu kashe injin gaba ɗaya a gangara sun fi kowa ganganci, domin na'urar da ke ƙara wa birki ƙarfi da zuƙar inji take aiki, taka biyu ko uku ta ƙare, sitiyari ma ya yi tauri.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyar direbobi a tashoshin Birnin Kudu da Gwaram suna da rawar takawa, amma malamin Fiziya ya fi su kusa da yaran da gobe za su riƙe sitiyari. Lissafin nan na 2,000 da 2,800 bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na sakandare ba. In an sami keke mai giya, a kifar da shi a gaban aji, a juya feda da hannu, a canza giya, ɗalibai su ƙirga sau nawa tayar baya ta juya a kowace giya.