Birkila Ba Injiniya Ba Ne

'Yan uwa mazauna Legas, mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya gina ɗakunan haya a ƙasa, kuɗi sun yi masa daɗi, sai ya kira birkila a ɗora hawa biyu kan tsohon harsashi. Wa ya gwada ƙasar? Wa ya lissafa rodin ginshiƙai? Unguwanni da yawa a nan fadama aka cike. Wai kuɗin injiniya da izinin gini sun yi yawa! A 2019 bene ya rufta kan 'yan makaranta a Ita Faaji. Alhaji, kafin a zuba dekin, kira injiniya mai rajistar COREN ya duba. 'Ya'yan mutane za ka kwantar a ƙarƙashinsa.