KIMIYYA DA SANA'A: Kunnen Darakta Da Amanar Mai Ɗaukar Sauti

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma duk wanda ya taɓa zama gaban majigi ko talabijin yana kallon wasan da bakin ɗan wasa ke motsi, muryarsa kuwa ta nutse cikin rugugin janareta, ya san cewa a sha'anin fim gani kaɗai ba ya kashe ƙishirwa. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, amma da zarar ya tambayi na kusa da shi sau uku ko me aka ce, to, an rabu da shi ke nan. Abin tambaya a nan shi ne, mutum ashirin ko talatin suna tsaye a wurin da aka ɗauki wasan, yaya aka yi babu wanda ya ji ɓarnar tun tana ɗanya?

Dalili kuwa shi ne kunnen ɗan Adam yana da baiwar zaɓe. Mutum yakan tsaya tsakiyar kasuwa ya ji maganar abokin cinikinsa sarai, ya yi watsi da sauran hayaniya ba tare da ya sani ba. Makirufo ba shi da wannan baiwa. Kukan zakara, da ƙarar babur a bayan katanga, da gogar riga mai sitaci, duk ɗaya yake ɗaukarsu da muryar jarumi. Saboda haka wanda ke tsaye a dandalin ɗaukar fim da kunnuwansa a sake bai san abin da ke shiga na'ura ba. Sai wanda ya sa abin sauraro a kunne, watau abin da 'yan sana'ar ke kira hedifon, shi ne yake jin abin da mai kallo zai ji daga baya.

ZAMANIN IGIYA

Tun daga 1927, sa'ad da kamfanin Warner Brothers na Amurka ya fito da The Jazz Singer, fim ɗin da ya buɗe ƙofar sinima mai magana, igiyar waya ta zama dabaibayi ga masu wannan aiki. A shekarun farko akan kulle kyamara da mai ɗaukar hoto cikin wani akwati don kada ƙararta ta shiga, a ɓoye makirufo cikin tukunyar furanni, 'yan wasa su taru kusa da ita ba dama su motsa. Ana danganta wa wata darakta mai suna Dorothy Arzner dabarar rataye makirufo a sandar kamun kifi a 1929, don ya riƙa bin 'yar wasa duk inda ta nufa. Wannan ita ce sandar da har yau ake gani wani yana ɗage da ita bisa kawunan 'yan wasa.

A 1951 wani injiniya ɗan asalin Polan da ke zaune a Suwizalan, Stefan Kudelski, ya ƙera rikodar Nagra, wadda daga baya ta zama abin da mai ɗaukar sauti ke ratayawa a kafaɗa ya shiga daji ko kasuwa. Wajen shirya My Fair Lady na 1964 kuma, jarumin fim ɗin Rex Harrison ya ƙi yarda a ɗauki waƙoƙinsa tun da wuri ya zo yana bin su da baki, sai aka ɓoye masa makirufo maras waya a cikin laktayen wuyansa. Kafin 1975, lokacin da Robert Altman ya fito da Nashville, an kai ga sanya wa 'yan wasa da yawa irin wannan makirufo a lokaci guda, kowa da layinsa a faifai.

To, bakin ɗan wasa ya sami 'yanci, saura kunnen masu aiki. Darakta yana son ya ji yadda aka furta magana. Mai riƙe da rubutun wasa yana son ya tabbatar ba a tsallake kalma ba. Mai riƙe sandar makirufo dole ne ya ji ko ya saita ta daidai. In kowa zai ja igiya daga teburin mai ɗaukar sauti, wuri ya zama saƙar gizo-gizo, kuma duk sa'ad da aka kawar da kyamara sai an kwance an sake shimfiɗawa. Abin ya daɗa tsanani da aka fara haɗa kyamara da ƙaramin talabijin, dabarar da ake danganta wa Jerry Lewis tun 1960, domin daga nan darakta ya bar gefen kyamara ya koma nesa gaban allo, inda ba ya jin komai da kunnensa.

YADDA ABIN KE AIKI

Maganin da aka samo an aro shi ne daga gidan rediyo. Mai ɗaukar sauti yakan kafa wata 'yar ƙaramar tasha a kan teburinsa. Muryoyin 'yan wasa su zo masa, ya daidaita su, sa'an nan ya tura su cikin na'urar watsawa. Duk wanda ya kamata ya ji sai a ba shi na'urar kamawa, wadda ba ta fi kwalin taba girma ba, ya maƙala a ɗamara ya soka hedifon. Na'urar watsawa guda ɗaya ta ishi masu sauraro komai yawansu, kamar yadda tasha ɗaya ke isar gari. Wani kamfani mai suna Comtek da ke birnin Salt Lake a jihar Utah ya yi fice a wannan fanni har sunansa ya zama sunan abin, kamar yadda Omo ya zama sunan garin sabulu a ƙasar nan. Na'urorinsa na da suna aiki tsakanin megahaz 72 da 76, na baya kuma tsakanin 216 da 217. Akwai kuma Lectrosonics da Zaxcom a Amurka, da Sennheiser a Jamus.

Gwanayen sana'ar ba su tura wa kowa abu ɗaya. Akwai layin jama'a, wanda darakta da furodusa da mai rubutun wasa ke saurare, muryar 'yan wasa ce kawai a cikinsa. Akwai kuma layin cikin gida tsakanin mai ɗaukar sauti da mai riƙe sanda, inda zai iya raɗa masa cewa ya ɗaga kaɗan ko ya karkata hagu, ba tare da ya dami darakta ba. Shi kansa mai ɗaukar sauti kuwa, yawanci hedifon ɗinsa da igiya yake soke a jikin rikoda. Dalili shi ne abin da ya bi iska yana iya haɗuwa da shashshaka ko tsinkewa a hanya, alhali abin da ke faifai lafiya lau yake. In darakta ya ji wata ƙara ya ɗaga hannu, wanda ke kan igiya shi zai raba gardama, ya ce ɓarnar ta shiga faifai ko kuwa a iska ta tsaya.

Mai karatu zai iya cewa, ai ga abin kunne na Bluetooth nan a aljihun kowa, me zai hana a yi da shi? Abin da ke hanawa shi ne jinkiri. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, watau kowane hoto ɗaya bai kai kashi 5 cikin 100 na daƙiƙa ba. Bluetooth irin na kasuwa sai ya dunƙule sauti, ya aika, a warware shi a ɗaya ɓangaren, kuma wannan yakan ci kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na daƙiƙa, kimanin hoto 2 zuwa 5 ke nan. Darakta zai ga baki ya rufe kafin kalma ta iso. Mai riƙe sanda, wanda ke tsaye dab da ɗan wasa, zai ji magana sau biyu, ta baki da ta kunne, ya rasa wadda zai bi. Bugu da ƙari, Bluetooth yana cunkushe ne a zangon megahaz 2,400 tare da Wi-Fi da wayoyin duk waɗanda ke wurin.

HATTARA DA GWANJO

Zangon iska kamar fili ne, yana da iyaka, yana kuma da hukuma. A Amurka an hana amfani da makirufo maras waya a zangon megahaz 700 tun watan Yuni na 2010, bayan an ba da wurin ga kamfanonin wayar salula da ma'aikatan agajin gaggawa. An sake yin gwanjon zangon 600 wanda aka kammala a 2017, aka ba masu makirufo wa'adi zuwa 13 ga Yuli, 2020 su tashi daga mafi yawansa. Na'urorin da aka kora daga can ba a ƙone su ba, da yawa sun shiga kasuwar kayan kwance da araha.

Nan ne abin ya shafi masu shirya fim a Kano da Jos da Kaduna da Legas. A Nijeriya ma kamfanonin wayar salula suna aiki a zangon 700 da 800. Wanda ya ga na'ura mai kyau da arha ya saya bai duba lambar da ke rubuce a bayanta ba, yana iya isa wurin aiki ya tarar doguwar hasumiyar waya da ke unguwar ta danne 'yar tasharsa, ba ya jin komai sai shuu. Araha ba ta ado. Ka'ida ita ce a duba zango kafin a biya kuɗi, a kuma bincika iska da na'urar kamawa duk sa'ad da aka sauya wuri, domin zangon da ya yi tsit a ƙauye yana iya zama kasuwa a birni. Haka nan a raba tsakanin zangon da muryar ɗan wasa ke zuwa a kai da wanda ake watsa wa masu sauraro, kada eriyar watsawa ta kurmantar da ta kamawa da ke kusa da ita.

In an kiyaye waɗannan, abin da za a iya yi yana da ban mamaki. A fim ɗin Les Misérables na 2012, wanda Tom Hooper ya ba da umurni, 'yan wasa sun rera waƙoƙinsu kai tsaye gaban kyamara, kowa da ɗan mitsitsin abin ji a cikin kunne, mai kiɗan fiyano yana can gefe yana bin su. Makirufo bai ɗauki komai ba sai murya, aka ɗora kiɗan taro daga baya. Simon Hayes da abokan aikinsa sun sami lambar Oscar ta haɗa sauti a 2013 saboda wannan aiki.

AMANA

Sai dai akwai wani gefe na wannan al'amari wanda ya fi batir da eriya nauyi. Makirufon da aka maƙala a ƙirjin ɗan wasa bai san an ce a dakata ba. Ɗan wasa yakan manta da shi bayan minti goma, ya koma gefe ya buga wa iyalinsa waya, ya yi ƙorafin kuɗin aikinsa, ya faɗi ra'ayinsa game da darakta, ko ya kewaya bayan gida. In mai ɗaukar sauti bai sauke layin ba, duk mai hedifon a wurin yana ji. Har ila yau, tsofaffin na'urori irin na rediyon FM ba su da makulli, duk wanda ke kusa da na'urar kamawa a wannan zango zai iya shiga cikin masu sauraro.

An ga misalai. A watan Yuli na 2008, wajen ɗaukar Terminator Salvation, jarumi Christian Bale ya fusata ya yi ta zazzaga wa mai ɗaukar hoto masifa, rikoda tana juyawa. A Fabrairun 2009 faifan ya fita duniya ta ji, sai da ya fito a rediyo ya nemi gafara. Wani attajiri kuma, Robert Durst, bayan an gama hira da shi don shirin The Jinx, ya shiga bayan gida da makirufo a jikinsa yana gunaguni shi kaɗai, da kalmomin da mutane da yawa suka ɗauka amsa laifin kisa ne. An kama shi a watan Maris na 2015, kwana guda kafin a nuna kashin ƙarshe na shirin, kotu kuma ta same shi da laifin kisan kai a 2021. Wani zai ce a nan gaskiya ce ta yi halinta. Haka ne, amma na'urar da ta tona asirin mai laifi ita ce kuma za ta kwashi maganar baiwar Allah da ke tattauna rashin lafiyar ɗanta da mijinta, domin ba ta bambancewa.

A ƙasar da mutunci ya fi dukiya, inda 'yar wasa ke fama da bakin mutane tun kafin ta yi laifi, kuma waya ke iya kai magana daga Kano zuwa Kumasi da Khartum kafin la'asar, wannan ba abin wasa ba ne. Magana zarar bunu ce. Saboda haka masu mutunta sana'ar suna da ladubban da suke bi. Da an ce a dakata, sai a sauke layin kowane ɗan wasa daga kunnen jama'a. A nuna wa ɗan wasa inda zai kashe na'urarsa, a kuma tuna masa in zai bar wurin. In mace za a sa wa makirufo, a ba 'yar'uwarta mace mai kula da sutura ta maƙala mata. A ƙidaya na'urorin kamawa da safe, a san hannun da kowace ta shiga, a karɓe su da yamma. Baƙon da ya zo kallo, komai girmansa, ba dole ne a rataya masa hedifon ba.

Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, fim ɗin Hausa ya yi nisa wajen kyamara da haske da sutura, kuma makarantu irin su Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos suna yaye matasa masu sanin aiki. Abin da ya rage shi ne furodusa ya ware wa kunne kasonsa cikin kasafi, domin kuɗin na'urar sauraro biyu ko uku bai kai na sake tara 'yan wasa a situdiyo su maimaita maganar da janareta ya cinye ba. In kuma ya tashi ɗaukar mai sauti, ya binciki halinsa kamar yadda yake binciken kayan aikinsa, gama mutumin nan zai ji abin da ba a yi nufin kowa ya ji ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba yadda ake daidaita sauti da hoto a ɗakin tace fim.