Yaranmu Da Sanin Kuɗi: Darasin Da Muka Yi Sakaci Da Shi

Har gobe Bahaushe kan ce "ba ni da ko sisin kwabo", ko kuma "bai ba ni ko anini ba". Amma mai karatu ya tara 'yan firamare ya tambaye su mene ne sisi, mene ne anini, da wuya ya samu mai amsawa. Laifin ba nasu ba ne. Tsabar kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a shekarar 2007 sun daɗe da ɓacewa daga kasuwa, ga shi kuma yau ciniki da yawa ya koma tura kuɗi ta waya. Yaro na tasowa bai riƙe tsaba ba, bai kuma san darajar takardar da ke hannunsa ba.

Sunayen kuɗi a Hausa taskar tarihi ne. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, wato abin da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan Turawa. Kwabo da sisi da sule da fam daga Turanci muka aro su. Da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira 2, sule ya koma kwabo 10, sisi ya koma kwabo 5. Shi ya sa dattawa ke kiran naira 200 "jaka", domin fam 100 ke nan. A Jamhuriyar Nijar kuwa da "dala" ake lissafi, wato sefa 5, saboda haka dala ashirin sefa 100 ce. Yaron da ya fahimci wannan ya koyi tarihi da harshe da lissafi a zama ɗaya.

Ita ma takardar naira allo ce mai zaman kanta. Naira 5 na ɗauke da hoton Sa Abubakar Tafawa Balewa, naira 20 na Janar Murtala Muhammed, a bayanta kuma ga Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane. Sardauna Ahmadu Bello na kan naira 200, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong kuma na kan naira 1000 da ta fito a 2005. An cire rubutun ajami daga ƙananan takardu a 2007, daga naira 100 kuma a 2014, amma yana nan kan naira 200 da 500 da 1000. Yara nawa ne aka taɓa zaunar da su aka karanta musu shi?

Wani zai ce zamani ya wuce nan, kuɗi sun koma cikin waya. To ai ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya nuna mana cewa mai kayan miya da mai ƙosai da tsabar hannu suke rayuwa. Kuma yaron da bai iya ƙirga canji ba, shi ake cuta in an aike shi, shi ne kuma zai girma yana kallon lambobin waya kamar ba da gumi aka samo su ba.

Don haka ina kira ga malaman firamare da su riƙa kafa 'yar kasuwa a cikin aji, a yi saye da sayarwa da Hausa, da takardun kuɗi na gaske da tsofaffin tsabobi. Iyaye kuma su maido da asusu, su riƙa aiken yara suna bin ba'asin canji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.